Saniyar Kawu a Fuskar Salula

Salular kawuna daga ƙasa ta mutu. Ba duka ba, wajen faɗin yatsa biyu ne daga gindin gilashin, in ka taɓa nan ba ta ji, tun ranar da ta suɓuce masa ta daki bakin rijiya. Saman kuwa lafiyarsa lau. Ya naɗe ta da sikoc, ledar nan mai manne abu, ya ci gaba da harkarsa. In abin da yake son dannawa ya faɗo a wurin da ya mutu, sai ya kwantar da salular a gicciye, duk abin da ke kan gilashin ya juya, maɓallin ya koma inda ke da rai, ya danna, ya tayar da ita tsaye. Ko kallon hannunsa ba ya yi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ranar kasuwar Guci in ka tsaya a rumfar mai caji ka dubi salulolin da aka jera, mai lafiyayyen gilashi ita ce baƙuwa. Wata ta mutu a sama, wata a kusurwa, wata ƙarama ce da tafin hannu ke rufe ta, wata an ƙara girman rubutunta har kalma biyu ke cika layi saboda idon mai ita ya yi rauni. Kowa ya san lagon tasa, kowa da yadda yake juya ta.

A cikin waɗannan mutane na tashi. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, yana noma yana kiwo kamar kowa a gidanmu, kuma shi ya tsaya kai da fata aka bar ni a lakwal, wato makarantar boko, har na kai Damagaram na koyi aikin ordinater, wato kwamfuta. Ba mutum ne mai yabo ba. In na zo hutu sai ya ce ga madam ta iso, a ɓoye kindirmo kada ta ce yana wari. Ni kuwa in ce a ɓoye ɗin, ai na san inda ake ɓoyewa.

Da na gama karatu na samu aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Damagaram. Wata ƙungiyar makiyaya ce ta nemi a yi mata manhajar salula ta cigiyar dabbobi, wani poroje, wato shirin tallafi, daga Yamai ya ɗauki nauyi. Abin ba shi da wuyar faɗa. Dabbarka ta ɓace, ka sa hotonta, ka danna maɓallin aikawa, cigiya ta je wa duk mai manhajar. Wanda ya ci karo da ita ya danna wani maɓalli da aka rubuta “Na gan ta”, lambarka ta fito masa ya kira ka. Ni aka ba tsara shafukan, wato inda hoto zai zauna, inda rubutu zai zauna, inda maɓalli zai zauna. Na yi murna ƙwarai, don a karon farko zan yi abin da zan nuna wa mutanenmu su gane aikina. Kafin nan in aka tambayi mahaifiyata me ɗiyarta ke yi a birni, cewa take ina danne-danne.

Ta hanya biyu ake tsara shafi. Ko ka auna komai ka kafe shi, ka ce hoto faɗinsa kaza tsawonsa kaza, maɓalli ya zauna nan kada ya motsa. Wannan yana da kyau a ido, amma a kan salular da ka auna da ita kaɗai. Ko kuma ka ƙi ba kowa awo, ka faɗa wa kowane abu yadda zai zauna da maƙwabcinsa. Hoto ya ɗauki faɗin da ya samu amma kada a yanke masa ko gefe. Rubutu in ya ƙi shiga layi ɗaya ya sauko na biyu. Maɓalli kada ya taɓa fita daga gilashi ko da sauran abubuwa za su matsu. In salula ta kwanta, hoto ya koma hagu, rubutu da maɓalli su koma dama, wanda damarsa ta mutu kuma ya kwantar da ita ta ɗaya gefen. Na farko riga ce da tela ya ɗinka wa mutum ɗaya, na biyu kuwa kamar zanen ɗaurawa yake, kowace mace ta ɗaura daidai ƙugunta. Na biyun ya fi cin lokaci, ya fi cin rai, don abin da ka gyara wa ƙaramar salula sai ya ɓata wa babba, ka koma ka sake lallashi. Shi na zaɓa, ban ma tsaya shawara da kowa ba.

Don in samu abin gwaji, na je wurin mai cajin kasuwarmu, wani mutum mai surutu da ba ya barin kowa ya wuce bai tsokane shi ba, na karɓo tsofaffin salulolin da masu su suka yi watsi da su amma har yanzu suna kunnuwa. Na zuba su a wata tasa na kai biro. Abokan aikina suka sa wa tasar suna maƙabarta. In na gyara shafi sai in jera su a kan tebur in kunna, in bi su ɗaya bayan ɗaya, in tayar in kwantar, in ƙara girman rubutu har ƙarshe in ga wa zai ture wa. Akwai wata ƴar baƙa a cikinsu da ta kusa haukata ni. Duk abin da ya zauna a sauran sai ya ƙi zama a kanta, maɓalli ya hau kan rubutu, rubutu ya hau kan hoto. Ranar da shafin cigiya ya zauna mata daram, tashi na yi na taka rawa a tsakiyar biro, aka yi ta yi min dariya ko a jikina.

Sai samfurin shafukan ya iso daga Yamai, abin da suke kira maket. Masu poroje sun sa wani ya fitar musu da shi a kan doguwar salula irin tasu. Kyau kam akwai, ba zan hana shi ba. Hoton dabba a cikin wani fili mai kusurwa huɗu, faɗi da tsawo daidai wa daida, farin sarari sama da ƙasa, bayani layi ɗaya tak, maɓalli siriri can gindi. Shef ɗinmu, shugaban biron, ya kira ni ya ce haka za a yi, layi da layi. A kafe awo, a kuma hana shafin juyawa, don maket ɗin a tsaye aka fitar da shi, ba wanda ya fitar da na kwance.

Na ce masa saniya doguwa ce. In ka cusa hotonta a wannan fili sai an yanke kai da gindi, kuma da kai da cinya ake gane dabba, da tsagar kunne da tsayuwar ƙaho da shaidar wuta. Na jawo tasa na nuna masa yadda awon Yamai ke fin ƙarfin ƙananan saluloli. Na kwantar da wata na nuna masa abin da kawu ke yi. Ya saurare ni har na gama. Mutum ne mai haƙuri, yana da iyali, kuma albashin duk wanda ke biron a wuyansa yake. Ya ce ya ji, amma mutanen Yamai da salularsu za su duba, in suka ga abin da bai yi kama da maket ba za su ce ba mu cika kontira ba, yarjejeniyar da muka sa wa hannu. A yi nasu tukuna, in sun sa hannu a gyara daga baya. Na ce daga baya yaushe. Ya ce madmazel, ba ke ce shef ba.

Na yi abin da ya ce ina cin magani, amma nawa ban goge ba, na adana shi a ordinater ɗina. Manhajar ta fita da tsarin Yamai, aka bi kasuwanni da gidajen masu gari ana sa wa mutane. A wajenmu ba wanda ke sauko da manhaja daga intanet, rezon ma, wato sabis ɗin salula, sai ka hau tudu. Mai caji ne ke tura maka ta bulutut tare da waƙoƙi da wa'azi, kuma abin da ya tura maka shi ke nan har salular ta mutu. Shi ya sa maganar gyara daga baya ta tsaya min a wuya, don na san ba baya ɗin.

A garken kawu akwai wata farar saniya da ba tasa ba. Ta habbanaye ce. Wata shekara da fari ya ci masa shanu, wani amininsa na Waca ya koro masa karsana ya ce ya riƙe. Al'adar ita ce ka riƙe ta kamar taka, ka sha nononta, ta haifa maka uku, ƴaƴan naka ne, sannan ka mayar da uwar ga mai ita da godiya. Ba takarda, ba shaida. Saniyar habbanaye ita ake fara shayarwa a rijiya, ita ake fara dubawa da safe. Kawu bai taɓa ɗaga mata sanda ba, alhali nasa shanun sun san zafin hannunsa. Ta haifa masa mata biyu, tana ɗauke da cikin na uku, wato ta kusa komawa gida ke nan. Har ya fara maganar ranar da zai raka ta.

Da damina ta yi tsakiya, wani hadari mai iska ya taso da la'asar ya tarwatsa garken a daji. Aka tattaro kowa, babu ita. Kawu ya buɗe manhajar, ya sa hoto, ya zo aikawa, maɓallin yana can gindi inda gilashinsa ya mutu. Ya kwantar da salular, shafin ya ƙi juyawa. Ya kwantar da ita ta ɗaya gefen, ya ƙi. Mahaifiyata ta ce ya daɗe yana juya ta a hannu kamar mai gasa masara, sannan ya jefa ta aljihu ya ɗauki sanda ya shiga daji. Bai kira ni ba. Kwanaki ya yi yana bin ƙauyuka da ƙafa, ya sa aka yi shela, ya aika saƙon murya ga duk wanda ya sani. Amma farar saniya mai ƙaho, a baki, ai rabin shanun ƙasar ne. Sai da abin ya gagara mahaifiyata ta kira ni. Na ce ta ba shi salular.

Ya karɓa ya ce, “Abin naku bai san mu ba, ɗiyata.”

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ina da hotonta da na ɗauka da Sallah, tana tsaye a gicciye, komai ya fito. Nan take na sa cigiya daga salulata. Sannan na ɗauko ƴar baƙar nan daga tasa don in ga abin da mutanen ƙauye za su gani. Tsakiyar jikin saniya ne kawai, ba kai ba cinya, farar fata da haƙarƙari. Maɓallin “Na gan ta” kuwa ya nutse ƙarƙashin gilashi, ko ka ja shafin ba ya tahowa. Na gwada dabara. Na yanko kai na aika daban, na yanko cinya na aika daban, sai abin ya zama kamar shanu uku ne suka ɓace. Na rubuta lambar kawu a wurin bayani, layin ya yanke ta a tsakiya ya sa ɗigo-ɗigo. Na zauna ina kallon rabin lambar, raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Na shiga wurin shef ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce saniyar amana ce, tana da ciki, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san dabbar da ta kwana biyu ba a gano ta ba kudu take yi, ta hau kamiyo, babbar motar dabbobi, ta ƙetare iyaka. Na ce tsarina yana nan a shirye, ya ba ni izini in fitar. Ya jajanta min, da gaske kuma. Ya ce mutanen Yamai suna tafe ƙarshen wata su duba aiki, in suka tarar da manhaja iri biyu a hannun mutane mun shiga uku. In jira su zo su tafi. Na ce saniya ba ta san ƙarshen wata ba. Ya ce bai ba ni izini ba. Na ce na ji.

Na koma teburina na haɗa manhajar da tsarina, na gwada ta a kan duk abin da ke cikin tasa, na sa ordinater a jaka na nufi tasha. Ban yi a ɓoye ba, kowa a biro ya ga fitata, wata abokiyar aikina ma har ta riƙo min mayafi na fizge. Hanyar damina ce, taksi ta kafe mana a laka muka sauka muka tura, ƙarshen tafiyar a bayan babur ɗin kabu-kabu na yi ta rungume da jaka. Na isa gida ana gobe kasuwa.

Kawu ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce me ya kawo madam ba lokacin hutu ba. Na miƙa hannu ya ba ni salularsa, na cire tsohuwar manhajar na sa tawa na mayar masa. Ya buɗe cigiya, hannunsa ya kwantar da salular da kansa, shafin ya juya. Saniyar ta fito tun daga ƙaho har wutsiya, ga tsagar kunnen, ga shaidar da ke cinya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce a kawo min fura, na sha hanya.

Da safe na kafa kujera a rumfar mai caji. Ya yi ta shelanta wa mutane cewa ya yi sabuwar ma'aikaciya daga birni, mai digiri, kuma kyauta take masa aiki. Duk wanda ya kawo caji sai mu cire tsohuwar mu sa sabuwa, in ce ya buɗe cigiya ya duba. Ba kowa ya yarda da sauƙi ba. Wasu salularsu ta cika, sai an goge wani abu kafin a samu wuri, kuma mutum ya fi yarda ka taɓa masa rawani da ka taɓa masa waƙoƙi. Na yi lallashi, na yi faɗa, wani ma na ce masa in tasa saniyar ce ta ɓace waƙar za ta nemo masa ita. A wurin na ga salulolin da ko a tasata babu irinsu. Wata siririya ce sosai har kalmomin maɓalli suka hau kan juna. Na ɗora ordinater a cinya, mai caji ya jona min shi a batirin sola, na gyara a nan ana hayaniyar awaki a bayana, na sake haɗawa na sake turawa. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba, duk da zuciyata na can wurin saniya.

Wajen azahar wani dattijo daga wani ƙauye da ke kan hanyar Waca ya zo karɓar tasa, ƙarama ce mai manyan rubutu. Na ce baba, buɗe cigiya ka gani. Ya buɗe, ya kwantar da ita, ya kai ta kusa da ido. Sai ya yi salati a hankali ya tambayi ta wane ne. Aka je kara, inda ake cinikin dabbobi, aka kirawo kawu.

Dattijon ya ce saniyar nan a gonarsa ta shiga, ta ɗan taɓa masa gero. Ya kama ta ya kai turken mai gari kamar yadda ake yi. Da alama hanyar gidansu na asali ta kama. Ta yi kwanaki a ɗaure ana ba ta ciyawa, kowa na cewa mai wannan saniya yana nan tafe, don an ga tana da ciki kuma an ga ta sha kulawa. Sun buɗe manhajar shi da mai gari, sun ga farar fata, sun ce ko ita ce ko ba ita ba ce. Ya nemi inda zai danna ya tambaya bai samu ba. Sai wani mutum ya zo da igiya ya ce tasa ce, ya faɗi tsagar kunnen, wadda duk mai ido zai faɗa tunda tana gabansa, ya rantse, aka kwance masa.

Ya sake duban salular ya ce, “Da haka na gan ta tun farko, wallahi da ba ta bar turken nan ba.”

Na tambaye shi yaushe aka tafi da ita. Da ya faɗa, na gane cigiyata ta riga ta shiga salularsa saniyar na nan ɗaure. Kawu bai nuna komai ba. Ya tambayi inda mutumin ya nufa, aka ce kudu. Ya yi wa dattijon godiya, har ya tambaye shi ɓarnar geron, dattijon ya ce a bar maganar. Washegari kawu da wasu maza suka bi kasuwannin kudu, suka tambayi dillalai da masu kamiyo. Ba wanda ya gan ta, ko kuma ba wanda ya ce ya gan ta.

Suna can shef ya kira ni. Ya gani daga biro cewa saƙonni suna shigowa daga manhajar da ba ita ya amince da ita ba.

Ya ce, “Ki cire abin da kika sa wa mutane, ki dawo mu yi magana.”

Na ce, “Shef, ko ina so ba zai ciru ba, ya riga ya bi bulutut ya shiga ƙauyuka. Kuma ba na so.”

Ya ce in haka ne kada in dawo. Na ce tasata tana ƙarƙashin tebur, a ajiye min ita zan aiko a ɗauka. Da na kashe salular na ji tsoro, don ba ni da wani aikin, kuma mahaifiyata ta yi kuka ta ce ga saniya ta tafi ga aiki ya tafi. Amma nadama ban yi ba, har yau ban yi ba. Ban tsani shef ba, na san abin da yake karewa. Sai dai ban yarda a tsara wa mutum shafi da awon salular da bai taɓa riƙewa ba, sannan a ce masa ya jira ƙarshen wata. Na ci gaba da bin kasuwanni da ordinater a jaka, Dungas, Magarya, har Yekuwa na je a amalanke, ina zama a rumfunan caji ina cirewa ina sawa. Na san saniyar ta riga ta yi nisa, taurin kai ne kawai da haushi ke kai ni.

Abin da ya rage shi ne a je Waca a faɗa wa mai ita. Kowa ya san labari ya riga ya kai masa, amma sai kawu ya faɗa da bakinsa. Kowa kuma ya san al'ada: saniyar habbanaye in ta mutu ko ta ɓace ba a biya, wanda ya nemi a biya shi ma ya zubar da girmansa. Dattawa suka yi ta tuna wa kawu wannan don hankalinsa ya kwanta. Ya ce ya ji. Ranar tafiya ya shiga garke ya ɗauro babbar ɗiyar saniyar, karsana mai kyau da babu kamarta a shanunsa, wadda tasa ce halak malak. Mahaifiyata ta ce me zai yi da ita, ya ce rakiya za ta yi masa. Ya ce ni ma in zo.

Muka yi sammako da ƙafa, sai bayan azahar muka isa. Aminin nasa ya fito, tsoho ne dogo mai farin gemu. Ya dubi karsanar, ya dubi kawu, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Suka yi gaisuwa mai tsawo, gida da damina da shanu da jikoki, ina gefe ina jin kamar ba za su gama ba. Aka kawo ruwa, aka kawo fura.

Sannan kawu ya sunkuyar da kai ya ce, “Amanarka ta ɓace a hannuna.”

Tsohon ya ce, “Ta Allah ce, ya karɓi abarsa. Ka koma da karsanarka, kada ka sa a yi da ni a gari.”

Suka yi la'asar tare, suka yi hirar gero da farashin dusa kamar ba komai. Da muka tashi tafiya, kawu ya ja karsanar ya kai ta turken da ke bayan rumbu ya ɗaure. Tsohon ya bi shi ya kwance ya miƙa masa igiyar. Kawu ya karɓa ya sake ɗaurewa, ya ƙara ƙulli. Tsohon ya ce ba a yin haka, tun kakanni ba a taɓa yi ba.

Kawu ya ce, “Na sani. In ka kwance zan sake ɗaurewa, ko za mu kwana a nan.”

Suka tsaya suna duban juna. Tsohon ya saki igiyar ya shige gida bai yi mana sallama ba.

Muka fito. Karsanar ta fara kuka tana jan igiya, muna jin ta har muka wuce rijiyar bakin gari. Kawu na gaba ina biye, bai waiwaya ba, ni ma na ƙi waiwayawa. Sai da gari ya ɓace mana ya tsaya ya ce ƙaya ta soke shi. Ya zauna a gindin wani gawo ya juya min baya, takalminsa na ƙafarsa bai ko cire ba, kafaɗunsa na rawa. Na koma nesa na tsaya ina jiransa har ya gama kukansa.